Daga Mahautar Ƙonni Zuwa Masallacin Yama: Aikin Doka Shi Ne Rubuta Asali

Kowane almajirin da ya yi nisa a karatun fiƙihu ya san wannan mas'ala: an sato saniya, an fuskantar da ita alƙibla, an ambaci sunan Allah, an yanka ta da wuƙa mai kaifi, to namanta ya halatta? Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa yankan ya inganta, dabbar ba mushe ba ce, amma wanda ya san ta sata ce haramun ne gare shi ya saya ko ya ci, domin haƙƙin mai ita bai faɗi ba. A da mas'alar zaure ce, ana jefa ta don wasa ƙwaƙwalwar ɗalibai. Yanzu ta zama ta kasuwa. A kan iyakar da ta bi ta tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Sakkwato, ta miƙa yamma zuwa Dogondutsi, gabas zuwa Madawa da Maraɗi, satar shanu na cikin hanyoyin da 'yan bindiga ke samun kuɗin makami, wani lokaci da ƙwace ƙiri-ƙiri, wani lokaci da sunan zakka. Dabbar da aka kora daga rugar wani kuwa ba ɓata take yi ba. Kasuwa take shiga, ta bi hannun dillali, ta hau babbar mota, ta ƙare a teburin mahaucin da ƙila bai san hawa ba bai san sauka ba. Yanka ya yi daidai, bisimilla an yi, asalin dabbar ne ya ɓace a hanya. A ganina nan ne aikin doka yake, ko kan nama ake magana ko kan kayan tarihinmu a lokacin yaƙi. Malamai ne ke faɗin abin da ya halatta, mutanen gari ne suka san abin da ke da daraja a wurinsu. Abin da ya rage wa doka shi ne ta rubuta asalin abu tun kafin rigima ta taso, ta kuma hukunta wanda ya yi ƙarya a kansa.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Sarkin Pawa sarauta ce mai haƙori: shi ke sanin wa ya yanka me, shi ke hana a kawo dabba mai ciwo ko mushe mahauta, shi ake kira gaban sarki in an sami matsala. A kasuwar dabbobi dillali ba don la'ada kawai yake tsaye ba. Shi ne shaida cewa mai sayarwa sananne ne, kuma in daga baya aka zo cigiya, wuyansa ake fara kamawa. Baƙon da ya zo da garke yana da mai masauki da zai tsaya masa. Daular Usmaniyya ta ɗora hisba a kan wannan, ta naɗa muhtasibi mai duba mudu da awo da algus, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan aikin cikin littattafansa na sha'anin mulki. Tsarin ya yi aiki ne saboda kowa ya san kowa. Mai sayen nama a Ƙonni ko Dogerawa ko Tajaye ya san mahaucinsa, ya san ubansa, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Amma sa da aka saya a kasuwar Badagishiri ko Gidan Idar, ya ratsa hannu biyar kafin ya isa Legas, wa zai tsaya masa? Haka kajin sanyi da naman gwangwani da alewa mai danƙo da ke shigowa daga ƙasashen da ba mu san mahautansu ba. Sanayya tana da iyakar tafiyarta, kuma ciniki ya daɗe da wuce wannan iyaka.

Wannan giɓi ne duniya ta cike da takardar shaidar halal. A 1997 hukumar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin abinci ta fitar da sharuɗɗan amfani da kalmar halal a jikin kaya. A 2010 cibiyar SMIIC ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta fara aiki a Istanbul don daidaita ma'auni tsakanin ƙasashe. Malesiya na da hukumar JAKIM, kuma dokar ciniki ta ƙasar ta 2011 ta mai da yin ƙarya da tambarin halal laifi. Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, ta yi doka mai lamba 33 a 2014, ta fara tilasta ta kan manya da matsakaitan kamfanonin abinci a Oktoban 2024. Abin da ya biyo bayan wannan tsari yana da ɗaci ga ɗan Nijar. Brazil, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, ita ce kan gaba wajen sayar wa ƙasashen Larabawa kaji da naman shanu na halal, saboda tana da mahautai da masu sa ido da hatimin da Saudiyya da Daular Larabawa suka yarda da su. Mu da ke kiwon shanun Azawak da tumakin Balami da Ara-ara, mu da babu mai tambayar musuluncin mahautanmu, mafi yawan dabbobinmu a raye suke ƙetara iyaka, ribar fata da nama da ƙashi ta tafi can. Ba zan ce hatimi kaɗai ya hana mu ba. Akwai cututtukan dabbobi, akwai rashin wuta da motocin sanyi, akwai nisan teku. Amma ko an gyara waɗannan duka, kwantenar nama ba ta shiga Jidda da rantsuwar mai ita.

Mutanen gundumar Malbaza sun riga sun ɗanɗana abin da rashin rubuta asali ke jawowa. Albasa 'yar Galmi, wadda manoma suka yi zuriya bayan zuriya suna zaɓen irinta, ta yi suna daga Abidjan har Akara. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi masa rajistar iri da sunan albasar Galmi. Sai da ƙungiyoyin manoma da gwamnati suka tashi tsaye kafin aka sauya sunan. Babu wanda ya yi shakkar cewa albasar ta Galmi ce, duk Afirka ta Yamma ta sani. Sai dai sanin kowa ba hujja ba ne a ofishin da ke Yawunde. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, kowanne da littafin ƙa'idojin da ya bayyana inda ake yin sa da yadda ake yin sa. Wannan littafi bai koya wa ko mutum ɗaya noman albasa ba, bai ƙara wa kilishi yaji ba. Ya dai ba masu abin hujjar da za su ɗaga a gaban baƙo.

Akwai masu cewa neman takardar halal a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne cin fuska ne ga mahauta, kuma wata sabuwar hanya ce ta tatsar talaka. Rabin maganar gaskiya ce, kuma dokar da ba ta saurare ta ba za ta mutu tun a takarda. Mahaucin da ke yanka akuya biyu da safe ya sayar wa unguwarsu, ko mai tsire a bakin tashar Tsarnawa, babu abin da hatimi zai ƙara masa. Sarkin Pawa da malamin dabbobi mai duba nama, wanda dokar kiwo ta 2004 ta riga ta tanada, sun ishe shi. Ko Indunusiya da ta tilasta abin, ta ɗaga wa ƙananan 'yan kasuwa ƙafa, ta buɗe musu hanya mai sauƙi ta bayyana kayansu da kansu. Inda doka ya kamata ta tsaya da ƙarfi wuri uku ne kawai: naman da zai fita ƙasar waje, kayan da ke shigowa a rufe cikin leda da gwangwani, da duk wanda ya ga dama ya buga kalmar halal a jikin kayansa don ya ƙara kuɗi. Wanda bai buga ba, ba ruwan kowa da shi. Wanda ya buga ya yi alkawari ga mutumin da bai taɓa gani ba, kuma alkawari irin wannan dole a sami mai bin kadinsa.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke zuwa. Suna cewa Nijar ta daɗe da raba sha'anin gwamnati da na addini, tsarin mulkin 2010 ma ya rubuta haka, to ina ruwan hukuma da halal da haram? Tsoronsu kada wata ƙungiya ta riƙe hatimin ta mai da shi sandar dukan sauran. Tsoron yana da tushe, domin malamanmu ba bakinsu ɗaya ba kan yankan inji, ko sumar da dabba kafin yanka, ko abin da ake haɗawa da danƙon ƙashi. Amma alƙalin da ya hukunta mai sayar da man fetur gauraye da kananzir ba injiniya ba ne, ƙarya ya hukunta. Haka nan za a raba aikin. Kwamitin malamai da ya haɗa manyan ƙungiyoyi, da masana daga Jami'ar Musulunci ta Say, su zauna su rubuta sharuɗɗa, inda suka saɓa a bayyana a jikin kaya don mai saye ya zaɓa. Hukumar ma'auni ta ƙasa, ANMC, da likitocin dabbobi su duba ko an cika sharuɗɗan. Kotu ta jira maƙaryaci. Kusan haka Indunusiya ta yi, fatawa a hannun majalisar malamai, takarda a hannun hukuma. Kirista ɗan Galmi bai rasa komai ba a wannan tsari, domin ba a hana kowa sayar da abin da ya ga dama ba, an dai hana shi kiran sa da sunan da ba nasa ba.

Inda nake ganin ya kamata mu zarce ƙasashen da muke koyi da su shi ne batun saniyar sata. Ma'aunin halal na duniya ya fi damuwa da wuƙa da jini da tsabta, saboda matsalar masu rubuta shi ke nan. Tamu matsalar daban ce. Hatimin halal na Nijar da bai tambayi inda dabba ta fito ba zai iya zama wankin kuɗin 'yan bindiga, a yi fashi a daji a zo birni a buga masa tambarin addini. Saboda haka littafin kasuwa, mai ɗauke da sunan mai sayarwa da dillalinsa da shaidar da ke jikin dabbar, shi ne shafin farko na takardar halal, ba abin da za a liƙa daga baya ba. Wannan littafi ne kuma zai toshe wata kafar. Tun 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna saboda yadda cinikin fatarsu ya nemi ƙarar da su, kuma a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a nahiyar baki ɗaya. Jakin da aka feɗe don fata, namansa ba ya bin iska, kuma da zarar an shanya shi an shafa masa tunkuza da yaji, ido ba ya rarrabewa. Rana ɗaya da za a kama irin wannan cikin kwalin da aka rubuta wa kilishin Nijar ta isa ta rushe sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Ƙonni ta san farashin rashin rubutu ta wata fuskar da ta fi wannan muni. A farkon watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ta afka wa Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta washe garin ta cinna masa wuta. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 18 ga Mayu, wakilan ƙasashe 26 suka buɗe taron zaman lafiya a birnin Hague na Holan. Ran 29 ga Yuli aka sa hannu kan dokokin yaƙin ƙasa, waɗanda suka hana kai hari kan garin da ba shi da kariya, suka hana wasoso ko da an ci gari da yaƙi, suka ce a kiyaye wuraren ibada da na ilimi. Faransa na cikin masu sa hannu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a zauren, kuma yarjejeniyar ta ce tana aiki ne tsakanin waɗanda suka shiga cikinta kawai. Kanar Klobb, wanda Paris ta aiko ya tsayar da ɓarnar, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli a Dankori kusa da Tasawa, kwanaki kaɗan bayan nan sojojin rundunar suka kashe hafsoshin biyu. Binciken da aka yi a Faransa ya ƙare da cewa zafin Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, aka rufe fayil.

Mai neman hujjar cewa dokar yaƙi tatsuniya ce, ga ta nan a hannunsa. Ni wani abu daban nake gani. Sunan Klobb, ranar mutuwarsa da inda ya faɗi duk an rubuta. Na mutanen Ƙonni fa? Har yau masana tarihi ba su daidaita kan adadin waɗanda aka kashe ba. Abin da aka ƙone na littattafai da kayan sarauta, da abin da aka kwashe, babu lissafinsa. A 2025, bayan al'ummomin da abin ya shafa, har da na Ƙonni da Lugu, sun kai ƙorafi ta hannun mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna, ta kuma haɗa kai wajen binciken asalin kayan tarihi, amma ba ta amsa laifi ba. Binciken asali kuwa da takarda ake yin sa. Wanda zai ce wannan takobi ko wannan kundi na kakana ne, sai ya nuna inda aka taɓa rubuta cewa akwai shi. Kakanninmu na 1899 suna da uzuri, babu wanda ya gayyace su Hague. Mu ba mu da shi.

Yau Nijar na cikin yarjejeniyar Hague ta 1954 kan kare kayan al'adu lokacin yaƙi, da ƙarin da aka yi mata a 1999, da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi. A gida akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, kuma gyaran 2003 ya shigar da laifukan yaƙi cikin dokar hukunta laifuka. Wanda ya karanta waɗannan takardu zai ga duk abu ɗaya suke nanatawa. Ta 1954 ta ce a yi shiri tun ana zaman lafiya, ta kuma ce ko yaƙin cikin gida ne wajibi ne ɓangarori su mutunta kayan al'adu. Ƙarin 1999 ya ambaci lissafin kaya a sahun farko na wannan shiri. Ta 1970 ta fi fitowa fili: wajibin dawo da abin da aka sace daga gidan tarihi ko wurin ibada ya rataya ne a kan a nuna cewa yana cikin lissafin wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tukwane da mutum-mutumin ƙasa na Bura, a yammacin ƙasar, an yi ta haƙa ana fitarwa har suka shiga jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000, kuma da yake daga rami suka wuce kasuwa ba tare da an taɓa rubuta su ba, ƙwato su ya zama jan aiki. A Yulin 2025 aka yi gwanjon wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars, wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, a birnin New York kan dala miliyan 5.3. Sai da labarin gwanjon ya bazu aka buɗe bincike a Yamai. Ihu bayan hari.

To me ke akwai a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela da ya cancanci shiga rajista? Ya fi yadda ake zato. A Yama, cikin karkarar Badagishiri ta gundumar Illela, akwai masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sake faɗaɗa shi da hasumiyoyi huɗu, har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Tun 2006 masallatan ƙasa na jihar Tawa ke cikin jerin wuraren da Nijar ke fatan UNESCO ta karɓa, amma har yau jihar ba ta da wuri ko ɗaya cikin babban jerin, inda birnin Agadas ya shiga a 2013. A Dandaji an mai da tsohon masallaci ɗakin karatu maimakon a rushe shi. A Illela akwai fadar Sarkin Adar, sarautar da ke komawa ga Agabba ɗan sarkin Agadas, wadda Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihinta. Kusa da Galmi akwai Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma tarihin gidansu ya nuna a Ƙonni kakanninsa suka fara zama tun zamanin Musa Jakollo. A Masalata, gab da Ƙonni, Azna na nan da bikinsu na shekara-shekara. Akwai wuraren da dattawan Ƙonni ke nunawa na abin da ya faru a 1899. Sannan akwai abin da ya fi duka saurin salwanta: kundaye da gafakokin gidajen malamai, Alƙur'anai rubutun hannu, wasiƙun sarakuna, takardun gado da na iyakar gona, waƙoƙin ajami, waɗanda gara da ɗigon ruwa ke ci tun kafin wani ɗan bindiga ya iso. Masallacin tarihi na Damagaram da ya rushe a damunar 2024 ba yaƙi ne ya kayar da shi ba.

Babbar suka ita ce ɗan bindiga ba ya karanta doka. Haka ne. Mali na cikin yarjejeniyar 1954, Timbuktu na cikin jerin UNESCO, duk da haka a 2012 aka sa diga aka rushe hubbaren waliyyai, kuma a farkon 2013 aka ƙone ko aka kwashe rubuce-rubuce sama da 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Amma a duba abin da ya biyo baya. Dubban ɗaruruwan kundaye sun tsira saboda iyalai da masu ɗakunan karatu sun san abin da ke hannunsu, suka zuba a akwatuna suka sulale da su Bamako. Maginan garin sun sake tayar da hubbaren saboda akwai hotuna da awo da ilimin da aka adana. Ran 27 ga Satumban 2016 Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 kan rushe hubbare tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya, karo na farko da aka yi shari'a a kotun kan wannan laifi shi kaɗai, daga baya ta ƙiyasta diyyar Yuro miliyan 2.7. An iya tuhumarsa ne saboda kowane gini yana da suna da tarihi a rubuce. Doka ba ta tare harsashi, amma tana aiki a kan mai sayen kayan sata, da jami'in duwan, da kwamandan sojanmu da zai yanke shawarar inda zai kafa sansani, wanda yarjejeniyar ta hana shi mai da wurin tarihi mafakar yaƙi. A Satumban 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga waccan kotu. Ko mutum na goyon bayan matakin ko ba ya yi, ma'anarsa ɗaya ce: duk wanda ya taɓa masallacin Yama gobe, a kotun gida za a neme shi, kuma alƙalin Ƙonni ko na Tawa ba zai yi hukunci kan abin da ba a taɓa rubuta wanzuwarsa ba.

Akwai mai cewa ana kashe mutane, an kashe 137 a yankin Tilliya na jihar Tawa rana ɗaya cikin Maris 2021, wa ke ta tsohon bango? Babu mai hankalin da zai fifita bango kan rai. Sai dai ba a taɓa ba mu zaɓi tsakanin biyun ba, wutar da ta ci mutanen Ƙonni ita ta ci littattafansu, kuma ɗan gudun hijirar da ya dawo ya tarar da takardar gonarsa ta ƙone ya shiga sabon rikici. Aikin ma ba ya cin kuɗin sayen makami: littafi ne, da wayar hannu mai kyamara, da ɗalibai biyu masu karanta ajami. Akwai kuma ɗan'uwan da zai ce kare kabari da wurin tsafi taimaka wa bidi'a da shirka ne. Wannan sai a yi masa magana a hankali, domin da wannan hujja aka ɗaga diga a Timbuktu. Rubuta cewa wuri kaza yana nan, na mutane kaza ne, ba bauta masa ba ne. Wanda ke ganin abin da ake yi a Masalata ɓata ne yana da mumbari da hujja da wa'azi, kuma ba a hana shi ba. Abin da doka ke hanawa shi ne mai bindiga ya naɗa kansa alƙali. Wasiyyar Sayyadina Abubakar ga rundunar Sham, ta a bar masu ibada a ɗakunan ibadarsu, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini, ta girmi taron Hague da fiye da shekara 1,200.

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta ita ce ta cin hanci. Direban da ya ɗauko albasa daga Galmi ya san shingaye nawa ke tsakaninsa da iyaka, kuma ya san kowace sabuwar takarda sabon dalilin miƙa hannu ce. Ko Malesiya da ake misali da ita, a Disamban 2020 jaridunta suka tona wani gungu da ke shigo da naman da ba shi da shaida, ya sake masa kwali da tambarin halal na jabu, bisa zargin haɗin baki da jami'ai. Rajistar kayan tarihi ita ma tana da nata haɗarin: in ta faɗa hannun banza ta zama taswirar ɓarawo, kuma malamin da ya ji ana lissafa kundayensa zai fara tunanin ƙwace ake shirin yi, ya ƙara ɓoye su. Wannan ba ya rushe hujjar, yana dai faɗa mana yadda za a rubuta dokar. Shiga rajista ya zama kyauta, kaya su zauna a gidan masu su, doka ta faɗa ƙarara cewa rajista ba ta sauya mallaka. A yi kwafe uku, ɗaya a hannun iyali, ɗaya a fada ko ofishin magajin gari, ɗaya a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda ya gaji tarin da Boubou Hama ya fara. Sunan gidan da ke ajiye da abu mai tsada kada ya fita fili sai da izinin alƙali. A kasuwar dabbobi kuwa, littafin ya kasance a hannun Sarkin Pawa da shugaban dillalai, waɗanda in suka yi ƙarya a garin za su kwana, kuɗin hatimi a liƙa shi a bango kowa ya gani, a biya da rasit. Sannan a rubuta a sashen hukunci cewa jami'in da ya buga hatimi kan ƙarya, ko ya fitar da sirrin rajista, hukuncinsa ya ninka na mahauci ko dillalin da ya ba shi kuɗin, kuma ya bar aiki.